Bugun da Zai Zo ta Hagu

Sana'ar Kuwabara Tetsuji mutuwa ce. An sare shi da takobi, an harbe shi, an wurgo shi daga bene, an nutsar da shi a kogin Tama ya fi a ƙirga, duk a irin finafinan nan da ba sa ganin ƙofar silima, daga ɗakin tacewa sai shagon hayar kaset. Duk mai hayar irin kaset ɗin nan ya san ƙeyar Tetsuji. Fuskarsa ce ba wanda ya sani, domin ƙa'idar masu mutuwa ita ce ka juya wa kyamara baya, ka faɗi da kyau, ka bar wa jarumi haskensa. Shekarunsa sun haura arba'in, kowa ya yarda babu wanda ya iya faɗuwa kamarsa, sai dai irin yabon nan ne da ba ya ƙara maka ko ƙwai ɗaya a kan shinkafa.

Ɗakinsa a Kawasaki yake, a saman shagon wani mai gyaran keke, dab da layin dogo, in jirgi ya wuce sai kwanuka su kama rawa. A nan yake zaune da Nagumo Shinpei, wanda ya zo daga ƙauyensu can arewa da jaka ɗaya da ƙaton buri. Tetsuji ya ce ya shimfiɗa katifarsa a gefe kafin ya samu wuri, wurin da bai samu ba ke nan har yau. Shi ya koya masa karɓar naushi a iska har mai kallo ya ji zafin a jikinsa, shi ya kai shi wurin masu shirya faɗa ya ce ga ƙanena. Shinpei kuwa yana da abin da Tetsuji ba shi da shi: doguwar fuska mai kyau a hoto, da baki mai iya gaisuwa.

Abin da ya ɓata su ba ɓoyayye ba ne. Wata rana giya ta ɗebi darakta Shirasaka, ya dafa kafaɗar Tetsuji a gaban jama'a ya ce fim ɗinsa na gaba shi ne jarumi, ya isa haka nan da mutuwa. Tetsuji ya yarda, wauta ce amma ya yarda, har ya rage shan taba. Masu sayar da kaset suka ce su fuskar da za a manna a kwali suke saya. Ba wanda ya iya gaya wa Tetsuji an canza jarumi. Dawowa ya yi daga wankin kaya ya tarar da mai ɗinkin kamfani a tsakiyar ɗakinsu tana auna kafaɗar Shinpei, shi kuwa Shinpei ya tsura wa rufi ido kamar yau ya fara ganinsa.

Tun daga ranar tukunyar dafa shinkafa ta zama biyu a ɗakin da ko ɗaya da ƙyar ta samu wuri. Ba zagi, ba ɗaga murya. Shinpei yana nan yana ce masa senpai, kamar yadda na baya ke kiran wanda ya riga shi shiga sana'a, amma yana faɗinta ne kamar mai tofar da ƙashin kifi. Tetsuji kuma ya koma yi masa magana da ladabin da ake yi wa baƙo, ya san kuwa ya fi mari ciwo. Don a lallashe shi, Shirasaka ya ba shi matsayin makashin da zai kara da jarumi a faɗan ƙarshe, ya kuma yi alkawarin abu ɗaya: lokacin da zai kawo bugunsa na ƙarshe da bututun ƙarfe, kyamara za ta cika da fuskarsa. Tetsuji ya karɓa yana jin haushin kansa, domin ya san yana son wannan ɗan lokacin fiye da yadda ya kamata babba ya so abu.

Zaman ɗaki ɗaya ba ya rufa wa kowa asiri, ko da ba a magana. Tun da aka buga wa Shinpei gwiwa a gefen fuska a farkon ɗaukar fim ɗin, Tetsuji ya lura da wasu abubuwa. Shinpei ya zuba shayi ya sauka a gefen kofi. Ya buge kafaɗarsa ta hagu da ƙyauren banɗaki, ƙyauren da ya shekara da shekaru yana wucewa. In jirgi ya gifta ta tagar hagu, sai ya juya kansa gaba ɗaya kamar kaza. A wurin aiki ba wanda ya gane, domin faɗan fim da kunne ake yinsa kamar yadda ake yi da ido: duk mai kawo bugu sai ya yi ɗan ihu kafin ya kawo, wanda za a buga ya ji ya kauce. Shinpei ya rayu a kan wannan ihun har aka zo faɗan ƙarshe.

Bugun ƙarshen nan ta hagu zai zo. A gwajin jajibiri, da bututun roba, Tetsuji ya yi ihunsa ya kawo, Shinpei ya sunkuya, roba ta share masa gashi. Shirasaka ya leƙa kyamara ya ɓata rai. Ya ce robar tana lanƙwasa, ko yaro ya kalla zai yi dariya, gobe a kawo ƙarfe na gaske don wannan faɗan kaɗai. Ya kuma ce makashin nan ba mai hayaniya ba ne, ba ya son ya ga bakin Tetsuji a buɗe a hoton kusa, ya kawo bugun shiru. Inukai, tsohon da ke shirya musu faɗa, ya murza haɓa ya dubi Shinpei ya tambaye shi ko zai iya. Shinpei ya rusuna ya ce abu ne mai sauƙi, ai yana kallonsa.

Da safe Tetsuji na zaune a kan tabarma yana ɓare lemo, Shinpei na gaban madubi yana gyara gashi. Tetsuji ya ɗauki wani lemon, ya lallaɓa ta hagun Shinpei, ya jefa masa a hankali. Lemon ya same shi a kunci. Bai ko ƙifta ba sai da ya ji shi.

Suka tsaya haka, lemon na gangarawa har ya shige ƙarƙashin tebur.

"Tun yaushe?" in ji Tetsuji.

"Hankalina ne ba ya wurin."

"Likita ya gani?"

Shinpei ya ci gaba da taje gashinsa. Can ya ce likita ya gani, ya ce hagun ya tafi, ba zai dawo ba. Ya faɗa ne kamar labarin wani. Tetsuji ya ce to yau ƙarfe ne, kuma ba ihu. Shinpei ya ce ya haddace, daga sara na uku zai ƙirga a ransa ya sunkuya. Tetsuji ya ce ƙasan gidan wankan da za a ɗauki faɗan santsi gare shi, in ƙafarsa ta zame ya yi sauri ko ya yi jinkiri da ƙiftawar ido fa, ƙirgan wa zai bi.

"To je ka gaya musu mana, senpai." Shinpei ya juyo da kansa gaba ɗaya ya kafa masa idon da ya rage. "Je ka ce wa malam Inukai Nagumo ya makance. Ka san me za su ce? Za su ce Kuwabara ya kasa haƙura, ya bi ta bayan gida. Ko su yarda, su kore ni, ba mai sake ba ni ko aikin riƙe fitila. Ai ka haddace rawar da jarumin zai taka, ina jin ka kana maimaitawa a banɗaki. Ga dama ta zo maka har ɗaki."

"Kanka nake tunani, ɗan banza."

"Kaina ne. Kai dai ka kawo bugunka yadda aka ce, ka samu fuskarka ta fito. Uwarka ma ta gan ka sau ɗaya kafin ta mutu."

Da wani ne ya faɗi wannan da haƙoransa sun zube. Tetsuji ya haɗiye, ya ɗauki jakarsa ya fita. Abin da ya fi ci masa rai shi ne maganar ba duka ce ƙarya ba. Yana maimaita rawar jarumin a banɗaki. Kuma a cikin jirgi, yana riƙe da maɗauki, ya kama wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa ai shi ya nema, kai umarni aka ba ka. Ya ji tsoron wannan muryar fiye da ƙarfen.

Wurin ɗaukar wani tsohon gidan wankan unguwa ne a Katsushika wanda za a rushe washegari, shi ya sa aka ba su kyauta. Hasken da suke da shi kuwa na rana ne da ke shigowa ta tagogin sama, fitilunsu biyu ne kuma ɗaya tana da ra'ayin kanta. Sai da aka ɓata rabin yini ana kashe ƙananan 'yan daba, mutum huɗu suna canza riga suna sake mutuwa. Da aka zo cin abinci Tetsuji ya ga Inukai zaune shi kaɗai a bakin kwamin wanka, akwatin shinkafarsa a cinya. Ya je ya tsaya a gabansa. Tsohon ya ɗago ya jira. Daga can nesa Shinpei ya daina tauna.

Tetsuji ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne ko za a iya juya bugun ya zo ta dama. Inukai ya ce ta dama akwai bango, kyamara ba ta da wurin tsayawa, kuma tun yaushe Kuwabara ya fara gyara wa mutane faɗa. Ya tambaye shi ko akwai wata magana. Tetsuji ya ce babu, ya rusuna ya koma. Bai san ko rufin asiri ya yi ba ko tsoron bakin mutane, kuma ba shi da lokacin tantancewa.

Rana ta karkata, haske ya fara ja. Shirasaka ya ce a buɗe duk famfunan gidan, yana son ruwa ko'ina, yana son ƙara. Ya ce jinin da ya rage na ɗauka ɗaya ne, kuma kyamara ba za ta tsaya ba daga farkon faɗan har ƙarshe, saboda haka wanda ya yi kuskure ya nemi inda zai sa kansa. Ya sake bin tsarin da baki: sara uku daga jarumi, na ukun ya sami makashi a ciki, jini ya fashe, makashi ya yi tangaɗi zuwa hagun jarumi kamar ya gama, sai ya taso da ƙarfe, kyamara ta shige fuskarsa, jarumi ya sunkuya, ya juyo ya sare shi, ya bi shi ƙasa ya soke shi a gefen wuya.

Aka miƙa wa Tetsuji bututun. Guntun bututun ruwa ne da aka ciro a bayan gidan, da tsatsarsa da komai. Ya auna shi a hannu. Ya san abin da irin wannan nauyin ke yi wa kankana, domin da kankana suke yin ƙarar fasa kai.

Aka ce a fara.

Ruwa na zuba, ƙarar ta cika kunne. Shinpei ya shigo da gajeren takobinsa, farar rigarsa ta manne a jiki, kuma gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau, ya yi kama da jarumi. Sara na farko, Tetsuji ya tare. Na biyu, ya goce. A nan ƙafar Shinpei ta ɗan zame a kan tayil, kaɗan ne, ba wanda ya lura sai wanda ya koya masa tsayuwa. Sara na uku ya zo a makare. Tetsuji ya matse jakar jinin da ke ƙarƙashin baƙar rigarsa, ta fashe, ya yi tangaɗi zuwa hagu, ya fice daga duniyar Shinpei.

Ya ga mai kyamara yana matsowa da ita a kafaɗa. Ga gilashin nan ya nufo fuskarsa, abin da ya yi rabin rayuwarsa yana ba wa baya. Ya ɗaga ƙarfen. Ga gefen kan Shinpei a buɗe, jijiya na harbawa a wajen kunne, leɓɓansa na motsi yana ƙirga. Ƙirgan da zamewar nan ta riga ta lalata.

Tetsuji ya mutu. Ya bar ƙarfen ya sulale daga yatsunsa ya faɗa cikin kwamin ruwa, ya juya wa kyamara baya yadda ya saba, ya jingina da bango ya zame a hankali har ƙasa, jini na bin tayil. A ransa ya ce shi ke nan: za a ce Kuwabara ya tsufa ya manta faɗa, za a zage shi, wataƙila Shirasaka ba zai sake kiransa ba, amma sara na uku zai zama shi ne ƙarshe, kan yaron nan ya tsira, asirinsa ma ya tsira.

Abin da bai lissafa ba shi ne ya mutu a inda Shinpei ba ya gani, kuma ƙarar ruwa ta haɗiye faɗuwarsa. Yana kwance, ido buɗe irin na gawa, ya ga Shinpei tsaye yana jira. Ya ga ya kai ƙarshen ƙirgansa, ya sunkuya da ƙarfi don kauce wa bugun da babu shi. Ya ga ya juyo da dukan zuciyarsa ya sari iska, a daidai tsayin wuyan mutumin da ya daɗe a ƙasa. Takobin ya ja shi har ya kusa kifawa. Sannan ya juya kansa gaba ɗaya yana neman abokin faɗansa, ya same shi a gindin bango.

Shirasaka ya ce a tsaya, muryarsa ba ta da ƙarfi. Wani ya bi famfuna yana rufewa ɗaya bayan ɗaya har gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa.

Ba wanda ya kalli Tetsuji. Inukai ya taka a hankali, takalmansa na roba na ƙara, ya zagaya ya tsaya a hagun Shinpei. Ya ɗaga hannu ya kawo tafinsa dab da kuncinsa, ya tsayar. Shinpei na kallon gabansa, bai motsa ba. Mai kwalliya ta rufe bakinta. Sai da ya ga fuskokin mutane sannan ya gane akwai wani abu a gefensa, ya juya ya ga tafin tsohon.

"Da ka bar ni na sa a kashe ka," in ji Inukai. Ya juya wurin Tetsuji. "Kai kuma ka sani."

Tetsuji ya tashi zaune cikin jan ruwa, ya sunkuyar da kai.

Shirasaka dai darakta ne, kuma haske na tafiya. Ya yi ta sosa kai yana duban tagogin sama, sannan ya ce za a iya yankewa daga zamewar Tetsuji a bango, abin da ya rage kawai sukar ƙarshe, jarumi a tsaye a kan makashi, a ɗauka ta baya, a gama. Inukai ya ce mai ido ɗaya ba ya iya auna nisa, kuma muddin yana numfashi Nagumo ba zai kai tsinin takobi kusa da wuyan wani ba, ba yau ba, ba gobe ba, ba a fim ɗin kowa ba. Ya faɗa a gaban kowa, kuma duk wanda ke wurin ya san kafin mako ya zagayo babu mai shirya faɗa a Tokyo da bai ji ba.

Shirasaka ya dubi mutanen biyu. Tsayinsu ɗaya, ta baya ba mai bambancewa. Ya ce, yana kallon ƙasa, to su yi musanyar riga. Kuwabara ya tsaya a matsayin jarumi. Ana buƙatar wanda zai sa baƙar rigar ya kwanta rub da ciki.

"Ni zan kwanta," in ji Shinpei. "Gawa ba ta buƙatar ido."

Ya cire farar rigar, ya miƙa wa Tetsuji da hannu biyu yana rusunawa, yadda ake yi wa manya. Tetsuji ya so ya ce wani abu, ya ce ba haka ya nufa ba, ya ce ƙafar Shinpei ce ta zame a sara na biyu, ƙirgan ya ɓaci, da ƙarfen ya same shi. Amma mutane na tsaye a kansu, mai kwalliya na goge masa jini a wuya, mai kyamara na cewa saura kaɗan hasken ya mutu. Ya sa rigar. Ta yi masa daidai, abin da ya ƙara masa baƙin ciki ke nan.

Shinpei ya kwanta a cikin ruwan, ya gyara hannuwansa, ya ɗora kuncinsa na dama a kan tayil, idon da ke gani ya koma ƙasa, mataccen yana sama. Aka ba Tetsuji takobin. Ya tsaya a kansa, ya saita tsinin a gefen wuya.

"Shinpei," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka soka da kyau, senpai," in ji Shinpei, bakinsa na taɓa ruwa. "Ta nan ba na ganin komai. Ba zan motsa in ɓata maka ba."

Aka sake buɗe famfuna. Shirasaka ya ce a fara, Tetsuji ya ɗaga takobin.